Tallafi ya samu, amma sun ce ba na sayen kamara ba ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ne sakataren wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Funtuwa, shekararmu tara muna wasan daɓe a makarantu da wajen taro. Wani abokina ya turo min fom ɗin neman tallafi ta WhatsApp daga wata gidauniya a Turai, har mun fara murna, da na karanta sai na ga wai kuɗin na ƙarfafa shugabanci da tafiyar da ƙungiya ne, ba a sayen kayan aiki da su. Mu kuwa kamara muke so da janareto da lasifika. Ciyaman ɗinmu ya ce a cike kawai, in kuɗi sun shigo ma san yadda za mu yi. Don Allah meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar ciyaman ɗin nan ku ajiye ta gefe tukuna. Masu ba da irin wannan kuɗi galibi kashi-kashi suke biya, kashi na biyu ba ya fitowa sai kun kai rasit da rahoton na farko, ranar da suka ga rasit ɗin janareto a inda aka rubuta horar da ma'aji to shikenan, kuma gidauniyoyin nan sun san juna, sunanku zai riga ku isa.

Ni ma da haushin irin wannan tallafi nake ji, ina cewa Turawa sun fi son taron bita da shan shayi a otal. Abin da ya canza min ra'ayi wata ƙungiya ce da na taɓa zama a cikinta ina saurayi. Kuɗinmu kaf a aljihun shugaba suke, lissafinmu a wani littafin ɗan firamare mai falle 40 da ya sha maiƙo, rasit kuma a gwangwanin madara. Mutumin kirki ne wallahi, ko sisi bai ci ba, amma da aka yi masa canjin wajen aiki zuwa wata jiha shekara ba ta zagayo ba muka watse, ganguna da kayan sawarmu suka ruɓe a garejinsa don babu wanda ma ya san na ƙungiya ne ko nasa. Da kamara muke da ita, ita ma can za ta ƙare.

Wannan ciwon ne masu tallafi suka gano. Gidauniyar Ford, mai ofis a Legas, a 2015 ta sanar da ware dala biliyan 1 a wani shiri mai suna BUILD don ƙungiyoyi su gyara cikin gidansu su kuma tafiyar da ayyukansu, tallafin shekara biyar-biyar. Su manyan ƙungiyoyi suke ba, amma tunanin ɗaya ne.

To me za ku rubuta a fom ɗin? Fara da rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, a dokar kamfanoni ta 2020 sai an buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin lauya, ga satifiket ɗin SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wanda banki zai tambaye ku kafin buɗe asusu. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ke sa hannu kafin kwabo ya fita. Ku sa kuɗin akanta da zai duba lissafinku a ƙarshen shekara, da na koya wa ma'aji aikinsa, da ɗan alawus ɗinka kai sakatare, ba abin kunya ba ne, aiki kake yi. Sai tsarin mulki mai wa'adi, shugaba ya yi shekara biyu ko uku a sake zaɓe. Nan ne na san za a kai ruwa rana.

Zancen kamara kuma akwai wasu ƙofofin. Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan tana ba matasan masu fasaha kyautar yuro 5,000, ta mutum ɗaya ce ba ta ƙungiya ba, kuma shi ke zaɓar yadda zai kashe a kan sana'arsa. Asusun al'adu na UNESCO yana kaiwa dala 100,000 amma ba sa kallon wanda bai da rajista da takardun lissafi, ka ga dai an dawo kan wancan fom ɗin da kuke rainawa.

Af, tunda ta WhatsApp ya zo, ka shiga shafin gidauniyar da kanka ka tabbatar sanarwar tana can, in ka ga an ce a tura kuɗin fom ko kuɗin tantancewa to 'yan damfara ne. In kun zauna mitin ka fara kawo maganar asusu kafin ta wa'adi, kuma ka rubuto min yadda kuka kwashe da ciyaman.