Ɗalibi Mai Farfaɗiya A Cikin Aji: Tambayoyinku, Amsar Likita

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malama ce a wata firamare a Gusau. Ana tsaka da darasi wata ɗalibata 'yar aji huɗu ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, kumfa na fita daga bakinta. Yara suka watse, wani malami ya ce a cusa mata cokali a baki. Yaya zan yi idan ya sake faruwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Da ta faɗi ki duba agogo, domin tsawon lokacin shi ne abin da za mu fara tambaya a asibiti. Ki janye benci da tebur daga kusa da ita, ki naɗe mayafi ki sa ƙarƙashin kanta, ki sassauta wuyan hijabinta. Kada a danne mata hannu ko ƙafa. Cokalin nan kuwa, don Allah a bar shi: yana karya haƙori, yana yaga dasashi, guntun haƙorin kuma yana iya faɗawa hanyar numfashi. Raunin cizon harshe yana warkewa da kansa. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana sume, zai tafi cikin huhu. Da jijjigar ta lafa, ki juya ta ta kwanta gefe guda yawu ya zubo waje. Mafi yawa ciwon yana saki cikin minti 1 zuwa 3. Idan ya kai minti 5, ko ya sake tashi ba ta farfaɗo ba, ko ta fasa kai, a garzaya asibiti. Takan yi fitsari a jikinta, to ki rufe ta da zani, ki sallami 'yan kallo, ki zauna kusa da ita har hankalinta ya dawo.

Tambaya: Ni shugaban makaranta ne a Maraɗi. Iyaye sun matsa mini in cire wani yaro mai farfaɗiya, wai yawunsa zai harbi 'ya'yansu.

Amsa: Malam, farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ko ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci kwano ɗaya. Saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci, sau da yawa sanadin wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 ciwon zai iya daina tashi musu idan sun samu magani daidai. Korar yaron zalunci ne. Ka tara iyayen ka gayyato ma'aikacin lafiya ya yi musu bayani.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 7 yakan ƙura ido shiru, malaminsa ya kira shi bai amsa ba, sai ya zane shi da sunan taurin kai.

Amsa: Wannan ya yi kama da wata farfaɗiyar yara wadda ba a faɗuwa. Yaro yana karatu sai ya tsaya cak kamar daƙiƙa 10, wani lokaci yana ƙifta ido ko motsa leɓe, sannan ya ci gaba bai san an yi ba. Tana iya zuwa sau da dama a wuni, shi ya sa karatu ke wuce shi. Ka ɗauke shi a bidiyo da waya, ka kai shi wurin likitan yara, za a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa na EEG. Ka kuma zauna da malamin, bulala ba ta da abin da za ta gyara a nan.

Tambaya: Maganin yana sa 'yata gyangyaɗi a aji. In dakatar lokacin jarrabawa?

Amsa: A'a, kada ki kuskura. Yanke magani farat ɗaya, musamman phenobarbitone, yana jawo jijjiga mai tsawo da ke iya kisa. Ki koma wurin likitanta ya duba ko za a mayar da shan zuwa dare ko a sauya wani. A makon jarrabawa ta samu isasshen barci, domin rashin barci na tayar da ciwon.