Na'urar da ke sa bindiga ruwan harsasai: me dokar Amurka ta ce a kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne, ina karatun digiri na biyu a jihar Texas ta Amurka da bizar karatu. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar yana da bindiga ƙirar AR-15, ya ɗaura mata wani abu a gindi da suke kira bamp-sitok, wanda ke sa ta zazzago harsasai kamar ta soja. Na ce masa ai na ji an haramta abin nan bayan kisan Las Vegas, shi kuma ya ce Kotun Ƙoli ta soke haramcin. Yanzu kullum sai ya gayyace ni filin koyon harbi in gwada. Da gaske ne an halatta? In haka ne, me ya bambanta ta da mashinga, wato bindigar da ke aman wuta ba ƙaƙƙautawa? Kuma akwai laifi in na bi shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka bai yi ƙarya ba. Ranar 14 ga Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin da gwamnatin tarayya ta ɗora wa bamp-sitok, kuma jihar Texas ba ta da tata dokar da ta hana shi. Amma tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, domin dokar da ke kanka daban take da wadda ke kan abokinka. Ina roƙonka kada ka taɓa bindigar nan sai ka karanta amsar har ƙarshe.

Tushen rigimar wata doka ce ta 1934. A shekarun da Amurka ta haramta sayar da barasa, gungun masu fasa-ƙwaurinta sun riƙa ɓarin wuta a titunan birane da bindigar Thompson, har aka kai ga kisan mutum bakwai a wani gareji a Shikago a Fabrairun 1929. Majalisar Dokoki ba ta haramta mashinga kai tsaye ba. Cewa ta yi duk mai ita sai ya yi mata rajista, ya kuma biya harajin dala 200, wanda a lokacin ya kusa kuɗin bindigar kanta. A 1968 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da duk wani haɗin sassa da aka ƙera don mayar da bindiga mashinga. A 1986 kuma aka rufe ƙofar: farar hula ba zai mallaki mashingar da ba a yi wa rajista kafin 19 ga Mayun shekarar ba. Tsofaffin suna nan a hannun mutane, ana cinikinsu bisa doka, kuma da yake yawansu ba ya ƙaruwa, guda ɗaya kan kai dubban daloli masu yawa.

To mece ce mashinga a idon wannan doka? Nan ne gizo ke saƙar. Dokar ba ta ƙirga harsashi nawa ke fita a minti ɗaya ba. Cewa ta yi mashinga ita ce bindigar da ke harba harsashi fiye da ɗaya, da kanta, da aiki ɗaya na kunama. Ka riƙe waɗannan biyun, "da kanta" da "aiki ɗaya na kunama", domin a kansu aka yi shari'ar gaba ɗaya.

Ka ɗauki AK-47 irin ta soja, wadda mutanenmu suka sani, har suka san ta fiye da yadda suke so. Idan aka saita ta aka danne kunama, ba za ta daina aman wuta ba sai an ɗaga yatsa ko harsashi ya ƙare. AR-15 da ake sayar wa farar hula ba haka take ba. Jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya, kuma dole kunamar ta koma mazauninta kafin a sake harbi. Bamp-sitok bai taɓa komai a cikin injin bindigar ba. Gindin bindiga ne mai zamiya, wanda ke ba ta damar yin gaba da baya a kafaɗar mai harbi. Yatsa yana tsaye wuri ɗaya. In harsashi ya fita, ƙarfinsa ya tunkuɗo bindigar baya, kunama ta rabu da yatsa ta koma mazauninta, ɗaya hannun kuma da ke tura bindigar gaba ya sake kawo kunamar ta bugi yatsa. Haka abin zai yi ta maimaituwa cikin ƙiftawar ido, har a kai harsashi 400 zuwa 800 a minti. Wanda ke tsaye a gefe ba zai iya bambanta ƙararta da ta mashinga ba.

Hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi da abubuwan fashewa da barasa da taba, ta yi ta tufka da warwara a kan wannan na'ura. Fiye da sau goma, a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, ta rubuta cewa bamp-sitok ba mashinga ba ne. Sai ga daren 1 ga Oktoban 2017. Wani mutum ya tsaya a hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay a Las Vegas, ya buɗe wa taron masu kallon wasan kaɗe-kaɗe wuta da bindigogin da ya ɗaura wa wannan abu. Cikin kimanin minti goma ya harba harsashi sama da 1,000. Mutum 58 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, daga baya wasu biyu suka cika saboda raunukan, adadin ya zama 60. Majalisa ta yi ta magana ba ta yi doka ba. Bayan kisan mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta jihar Florida a Fabrairun 2018, Shugaba Donald Trump ya umarci Ma'aikatar Shari'a ta hana na'urar. ATF ta sauya fassararta a Disambar 2018, ta ce yanzu bamp-sitok mashinga ne, ta ba masu shi kwana 90 su lalata ko su miƙa. Hukumar ta ƙiyasta akwai kusan 520,000 a hannun jama'a. Tun a lokacin Sanata Dianne Feinstein, wadda ta fi kowa son a hana abin, ta yi gargaɗin cewa wannan hanya za ta maƙale a kotu, doka ce kaɗai za ta yi maganinsa.

Haka kuwa aka yi. Wani mai shagon sayar da bindigogi a birnin Austin, Michael Cargill, ya miƙa nasa guda biyu, sannan ya garzaya kotu. Kotunan ɗaukaka ƙara suka rarrabu, maganar ta dangana da Kotun Ƙoli, inda alƙalai shida suka ba shi gaskiya, uku suka ƙi. Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Hujjarsa biyu ce. Kowane harsashi da ya fita sai da kunama ta saki ta koma ta sake motsawa, saboda haka kowane harbi aikin kunama ne mai zaman kansa. Sannan bindigar ba da kanta take yi ba, tunda in mai harbi ya daina tura ta gaba, ko ya tura fiye da kima, harbin tsayawa yake. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, da ita da Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson. Ta ce in ta ga tsuntsu yana tafiya irin ta agwagwa, yana iyo irin na agwagwa, yana kuka irin na agwagwa, to agwagwa za ta kira shi. A wurinta, mai harbi sau ɗaya ya tayar da wutar, sauran kuwa na'ura ce ta yi.

Mutane da yawa sun ɗauka kotun ta ce mallakar bamp-sitok haƙƙi ne da kundin tsarin mulki ya kare. Ba ta ce haka ba, shari'ar ma ko kusa da wannan batu ba ta je ba. Abin da ta yanke shi ne hukuma ba ta da ikon miƙar da kalmomin doka su rufe abin da Majalisa ba ta rubuta ba. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ke cikin masu rinjaye, ya ƙara da cewa ba ya shakkar Majalisar 1934 ba za ta ga wani bambanci ba tsakanin mashinga da bindiga mai bamp-sitok, kuma gyaran mai sauƙi ne: Majalisa ta sauya dokar.

In ra'ayina kake so, a matsayina na lauya ina ganin hujjar masu rinjaye tana da ƙarfi. Abu ne mai haɗari hukuma ta ce maka jiya kayanka halal ne, yau kuma ba tare da an sauya ko harafi ɗaya a doka ba ta ce kana iya shan ɗaurin shekara goma a kansa. Amma zuciyata tana tare da iyalan mutum 60 ɗin nan, kuma Majalisa nake ɗora wa laifi. Kwana huɗu bayan hukuncin, Sanata Martin Heinrich ya nemi a zartar da ƙudurin hana na'urar cikin gaggawa, Sanata Pete Ricketts ya tare. Na'urar da ke lalata saiti, wadda ba ta da amfani ga mafarauci ko mai tsaron gidansa, ban ga dalilin da zai sa ta gagari dokar shafi ɗaya ba.

Ka kuma gaya wa abokinka ya yi hattara da iyakokin jihohi. Fiye da jihohi 15 da birnin Washington suna da nasu haramcin, kuma hukuncin 2024 bai taɓa su ba. Massachusetts ce ta fara bayan Las Vegas, Florida ta bi a 2018, Nevada a 2019, ga kuma Kalifoniya da New York. Abin da ke halal a bayan motarsa a Texas zai iya zama babban laifi da zarar ya shiga wata jihar. Sannan ba kowace na'urar saurin harbi ce hukuncin ya wanke ba. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake maƙala wa ƙaramar bindiga ƙirar Glock ya mayar da ita mai aman wuta da danna ɗaya. Shi wannan abu, doka tana ƙirga shi mashinga ko da ba a ɗaura shi a jikin bindiga ba, hukuncinsa kuma yana kai ɗaurin shekara goma. Akwai kuma wata kunama da ke tilasta wa kanta komawa mazauninta da sauri, wadda ATF ta taɓa cewa mashinga ce, sai a Mayun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta yi sulhu da kamfanin Rare Breed ta bar shi ya ci gaba da sayarwa, wasu jihohi kuma suka kai ƙara a kan hakan.

Yanzu mu dawo kanka. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma abokinka ɗan gari ne, mai yiwuwa bai taɓa jin wannan dokar ba tunda ba ta shafe shi ba. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo Amurka da bizar wucin gadi, har da bizar karatu, riƙe bindiga ko harsashi. Ba sai ka saya ba. Karɓarta a hannu ka harba a filin koyon harbi, ko ta aro ce ko ta haya, yana iya zama riƙo a idon doka. Tun 2022 hukuncin wannan laifi yana kai ɗaurin shekara 15, kuma laifin da ya shafi bindiga dalili ne na tasa ƙeyar baƙo zuwa ƙasarsa. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin wannan hani.

Akwai 'yan togaciya, kuma wadda ɗalibai suka fi dogara da ita ita ce lasisin farauta mai aiki da wata jihar Amurka ta bayar. Sai dai lasisin yana amfani ne muddin takardun zamanka suna nan daram. In aka soke rajistarka a jami'a, izinin zamanka ya faɗi, ka koma sahun waɗanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, su kuwa babu wata togaciya a kansu. Irin wannan ne ya faru da Hamid Rehaif, ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda jami'arsa a Florida ta sallama saboda faɗuwa jarrabawa. Bai bar ƙasar ba, ya je filin koyon harbi ya harba bindigogi biyu, aka gurfanar da shi aka yanke masa wata 18. Sai a 2019 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne gwamnati ta tabbatar ya san matsayin zamansa ya lalace kafin a kama shi da laifi. Nasarar ta zo ne bayan karatun ya riga ya tafi, shekaru kuma sun ƙare a zaryar kotu.

Shawarata ita ce ka ba abokinka haƙuri a yanzu. In har zuciyarka ta nace kan koyon harbi, fara zuwa ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ka tabbatar takardunka lafiya lau suke, ka nemi lauyan harkar shige da fice mai lasisin aiki a Texas ya duba lamarinka, ka yanki lasisin farauta kafin ka taka ƙafa a filin, kuma ya kasance yana aljihunka ranar da za ka je. Ka tambayi dokar jami'ar ma, domin ɗakunan kwanan ɗalibai suna da nasu sharuɗɗan game da ajiye bindiga da harsashi, ko da kwanso ɗaya ne da ka manta a aljihun wando.