Tsarin abincin Disney: ku biya gaba ɗaya ko ku riƙa saye da kanku?

Ƙanena, mun ga saƙonka. Allah ya sanya alheri a gurbin karatun da ka samu a Florida. Ka ce Baba da Hajiya za su rako ka a watan Agusta tare da ƙannenka biyu, mai shekara 11 da mai shekara 7, kuma kafin a buɗe makaranta kuna so ku kwana biyar a Walt Disney World, katafaren wurin wasa da shaƙatawa da ke Orlando. Mai shirya muku tafiya ya ce ku haɗa da tsarin abincin da ake kira Disney Dining Plan, wai ya fi sauƙi. Ga iyali irin naku, Musulmi, masu manya huɗu a lissafin Disney, amsarmu ita ce ku bar shi, ku saya da kanku. Ga dalili, da lissafi.

Tsarin ba na kowa ba ne. Sai wanda ya sauka a otal na Disney kansa, ya haɗa shi da kuɗin ɗaki. An dakatar da shi lokacin korona a 2020, ya dawo a Janairun 2024 da iri biyu. Ƙaramin yana ba kowane mutum abincin kanta sau biyu da abin taɓawa ɗaya a kowane dare da aka kwana. Abincin kanta shi ne wanda za ka tsaya a layi ko ka yi oda ta waya, ka ɗauki tirenka ka nemi wurin zama. Babban yana ba da abincin kanta ɗaya, abincin teburi ɗaya inda ma'aikaci ke kawo maka, da abin taɓawa ɗaya. Dukansu suna zuwa da kofin roba mai murfi da ake sake cikawa da lemo ko shayi. A 2025 ƙaramin ya kai wajen dala 59 ga babba da dala 25 ga yaro a kowane dare, babban kuma wajen dala 98 da dala 31. Farashin yana hawa kusan kowace shekara, don haka ka duba na ranar da za ku biya.

Abu na farko da zai cije ku shi ne shekaru. A wurin Disney yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9. Ƙanwarka mai shekara 11 babba ce, kuɗin Baba za a biya mata, ko da cinta bai wuce rabin faranti ba. Kuma ba a zaɓe: duk wanda sunansa ke kan ɗakin sai ya shiga, iri ɗaya, na dukan kwanakin. Ke nan, a farashin 2025, a ƙaramin tsari za ku biya wajen dala 261 kowane dare, kwana biyar dala 1,305. A babban kuwa dala 423 kowane dare, jimla dala 2,115.

Yanzu mu koma kanta mu ga me abincin ke ci idan da hannunka ka biya. Farantin babba a yawancin kantocin yana tsakanin dala 12 zuwa 17. Mu ɗauka 15. Lemon kwalba ko na famfo wajen dala 5. Sau biyu ya zama 40. Abin taɓawa, kamar askirim ko gugguru, dala 6 zuwa 7. Ka ɗora harajin saye na kashi 6.5 cikin ɗari da ake karɓa a yawancin yankin, ka tashi wajen dala 50. Kofin nan idan ka saya da kanka dala 20 da 'yan kai ne, ka raba shi kwana biyar, ka ƙara 4 ko 5. Wato ko ka ci komai da tsarin ya ba ka, ba ka bar ko ɗaya ba, da ƙyar ka kamo dala 59 ɗin.

To ina ragowar take? A giya. Tsarin ya ba duk wanda ya kai shekara 21 damar ɗaukar giya ɗaya da kowane abinci a inda ake sayar da ita, kuma kofi ɗaya yakan kai dala 10 ko fiye. Mai sha sau biyu a rana ya ci ribar tsarin. Ku da ba ku sha, an riga an saka kuɗinta a farashin, kuma babu ragi ga wanda ya ce ba ya so. Abin da za ku iya yi kawai shi ne ku karɓi madarar kaɗi ko haɗin 'ya'yan itace a madadinta inda akwai, kuma waɗannan ba su kai giya tsada ba.

Sai batun nama. Masu cin ribar tsarin su ne masu zaɓen abu mafi tsada a kowane zama, gasasshen naman sa da haƙarƙarin alade da makamantansu. Idan Baba yana kiyaye yanka, zaɓinsa zai koma kifi, jatan lande, taliya da ganye, kuma banda wasu kifayen, waɗannan ne masu araha a takardar abinci. Columbia Harbour House da ke wurin wasan Magic Kingdom wuri ne mai kyau na kifi, za ku ji daɗinsa, amma ba wurin fanshe dala 59 ba ne. Ana iya neman abincin halal a wasu gidajen teburi idan an sanar da su tun kafin ranar, ba wai ka zauna sannan ka tambaya ba. Kada kuma ginin Maroko da ke wurin wasan EPCOT ya ruɗe ku. Ado da sunan abinci ba su ne shaidar yanka ba, a tambayi mai dafa abincin. Haka a riƙa tambaya game da miya da wake, domin Amurkawa na yawan saka naman alade a cikinsu don ƙamshi.

Ruwa kyauta ne. Duk kantar da ke da lemon famfo, ka ce a ba ka kofin ruwa da ƙanƙara, za a ba ka ba ko sisi. Da wannan kaɗai lissafin babba ya sauko zuwa wajen dala 39 a rana. Bambancin dala 20 ke nan ga kowane babba, sau huɗu, sau kwana biyar: dala 400. Kuma farantin nan babba ne. Hajiya da ƙanwarka za su iya raba ɗaya su ƙoshi, musamman a zafin Agusta, lokacin da rana ke dukan mutum tun hantsi, ga gumi, ga hadarin da ke saukowa kusan kullum da la'asar. Ba wanda ke marmarin abinci mai nauyi sau biyu a irin wannan yanayi. Abin da ke faruwa da masu tsarin shi ne tikitocin abincin da tsarin ya ba su su taru, ranar ƙarshe ka gan su a shagon otal suna kwasar alewa da biskit don kada su yi asara, domin duk abin da ya rage yana mutuwa da tsakar daren ranar da aka bar otal.

A lura kuma, dare ake ƙirgawa, ba yini ba. Kwana biyar yini shida ne idan an haɗa ranar isowa da ranar tafiya, amma abincin biyar za a ba ku, sau biyu a rana, ba sau uku ba. Karin kumallo ko abincin dare ɗaya dole ya fito daga aljihu. Kofin kuma a otal kawai ake cika shi, ba ya aiki a cikin wuraren wasan.

Babban tsarin yana da nasa ramukan. Tukuicin ma'aikaci ba ya ciki, kuma a nan tukuici ba alheri ba ne, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari ne na kuɗin abincin, a kan farashin takarda ake lissafa shi. Ku biyar a gidan ɗebi-da-kanka na dala 60 da ɗoriya, za ku ajiye fiye da dala 50 a teburi ɗaya, kullum. Da kun kai shida, su da kansu za su saka kashi 18 a rasit. Manyan gidajen alfarma suna cin tikiti biyu a zama ɗaya. Sannan sai an kama teburi tun da wuri, ana buɗewa kwana 60 kafin ranar, kuma wuraren da ake rububi suna cika da sauri. Wanda ya kama bai zo ba, bai soke a kan lokaci ba, za a cire masa dala 10 kan kowane mutum. Ga cin lokaci: zama ɗaya awa ɗaya da rabi ne, ban da tafiya zuwa wurin, a ranar da kuka biya tikitin shiga mai tsada.

Akwai inda tsarin ke da riba, kada mu zalunce shi. Na yara ne. Dala 31 ga ɗan shekara 7, alhali zama ɗaya a irin su Chef Mickey's, Crystal Palace ko Tusker House, inda masu shigar Mickey ko wasu taurarin zanen Disney ke zagayawa teburi-teburi ana ɗaukar hoto, ya fi haka tsada ga yaro. Iyali mai manya biyu da yara uku 'yan ƙasa da 10, masu niyyar irin wannan zama kullum, za su iya fita da riba. Disney ma takan yi garaɓasa ta ba da tsarin kyauta ga yara ko ga kowa a wasu lokuta. Idan mai shirya tafiyarku ya ce kyauta ne, ka sa ya nuna maka farashin ɗakin da garaɓasar da kuma farashinsa da ragin ɗaki, domin galibi ba a haɗa biyun. Ku dai yaro ɗaya gare ku, ribarsa ba za ta rufe asarar manya huɗu ba.

Ga yadda za ku yi. Ranar isowa ku je babban kantin Walmart ko na Publix, ko ku sa a kawo muku otal: burodi, madara, ayaba, tuffa, kifin gwangwani, ƙwai dafaffe, dabino, katan ɗin ruwa. Ku karya a ɗaki. Disney ta yarda a shiga da abinci daga waje, in dai ba a cikin kwalbar gilashi ba, ba mai buƙatar ɗumamawa ba, kuma kular ba ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsayi ba. Ba a yarda da ƙanƙara a warwatse ba, sai a daskarar da gorar ruwa a saka. Orlando na da shagunan halal da gidajen abincin Larabawa, Turkawa da 'yan Pakistan da ke kai wa mutum har otal, kuma da dare wannan ya fi abincin kanta daɗi da araha. A cikin wurin wasa ku sayi abincin rana ɗaya da abin sanyi. Sai ku zaɓi rana guda ku yi zaman teburi don ƙaramin yaron, ko ku je Boma a Animal Kingdom Lodge, inda abincin ya ɗan karkata zuwa na Afirka.

Idan abin da Baba ke so shi ne ya biya sau ɗaya hankalinsa ya kwanta, ya sayi katin kyauta na Disney Gift Card ya zuba dala 800 ko 900 a ciki. Kusan duk gidajen abincin wurin suna karɓa, ba ya mutuwa, abin da ya rage naku ne.

Ka faɗa wa Hajiya kada ta saka kilishi ko dambun nama a jaka da niyyar guzuri. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo daga Najeriya, kuma wanda bai bayyana ba aka gani, tara ce ta ɗaruruwan daloli. Yaji, kuka da garin kunu a rubuta su a bayyana, jami'in ya duba.

Irin wannan lissafin zai sake zuwa gabanka a makaranta, lokacin da za su miƙo maka tsarin abincin ɗalibai. Kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku: ko dole ne ga ɗan shekarar farko mai kwana a hostel, ko abincin da ba ka ci ba yana tsallakawa zuwa mako ko zango na gaba, da kuma ko ɗakin cin abincin yana da ɓangaren halal da tanadin sahur da buɗa-baki a watan azumi.