Me ya sa waƙoƙin Guido Gezelle suke wahalar fassarawa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin adabi ne daga Zariya. Na ga ana kiran Guido Gezelle babban mawaƙin yankin Filanda na ƙasar Beljiyam, sai na zuba waƙoƙinsa a manhajar fassara, abin da ya fito ba kai ba gindi. Wane ne shi, kuma ta ina zan kama waƙoƙin nan?

Amsa: Ɗan'uwa, manhajar ba ta da laifi sosai. Ko mutumin Amsterdam yakan yi tuntuɓe a waƙoƙin nan, domin Gezelle da gangan ya ƙi rubutu da daidaitaccen harshen Holan.

An haife shi a birnin Buruj (Bruges) ranar 1 ga Mayun 1830, shekarar da Beljiyam ta ɓalle daga Holan. Mahaifinsa mai aikin lambu ne. Ya zama limamin Katolika a 1854, ya koyar a makarantar horar da limamai ta Roeselare, a nan ya fitar da littattafansa biyu na farko a 1858, Kerkhofblommen da Vlaemsche Dichtoefeningen. A zamanin, Faransanci ne harshen kotu da ofis da manyan makarantu, harshen talakan Filanda kuwa, wanda kari ne na harshen Holan, ana masa kallon yaren ƙauye. Sai 1898 doka ta daidaita harsunan biyu. Masu kishin harshen da dama sun ga mafita ita ce a ɗauki daidaitaccen harshen Holan. Gezelle ya ƙi, yana ganin wannan harshen 'yan Furotesta ne na arewa, ya riƙe karin garinsu na yammacin Filanda, ya gauraya shi da tsoffin kalmomi da ya tono daga rubuce-rubucen dā, inda ya rasa kalma kuma ya ƙirƙiro tasa. Ka ƙaddara mawaƙin da ya yi rubutu da Sakkwatanci zalla, ya cusa kalmomin waƙoƙin ƙarni na 19, ka miƙa wa wanda Hausar jarida kaɗai ya sani.

A 1860 aka ɗauke shi daga Roeselare, ya koma Buruj, ya shiga aikin jarida da rigimar siyasa har ta gajiyar da shi. A 1872 aka tura shi garin Kortrijk, ya yi shekaru waƙa ta yi masa ƙaranci. Amma bai zauna haka ba: daga 1881 ya riƙa fitar da mujallar Loquela, yana tara kalmomin da ya ji a bakin manoma da masaƙa. Da waƙar ta dawo ne ya yi Tijdkrans (1893) da Rijmsnoer (1897), waɗanda a ganina su ne ƙololuwar aikinsa. Ya rasu a Buruj ranar 27 ga Nuwamban 1899.

To, ga yadda za ka yi. Nemi matanin asali a taskar adabin Holan ta intanet mai suna DBNL, kyauta ne. Kafin ka buɗe ƙamus, gyara rubutun: inda ka ga “ae” mayar da shi “aa”, “sch” a ƙarshen kalma yawanci “s” ne a yau, “kleen” shi ne “klein”, wato ƙarami, “blomme” kuma “bloem”, fure. Ɗafin “-ke” na ƙaranta abu ne, kamar “ɗan” ko “'yar” a Hausa. Wannan gyaran kaɗai zai kawar da rabin shirmen da manhaja ta ba ka.

Kada ka fara da littattafan tsufansa, sun fi tsauri. Fara da Het Schrijverke, wato “ɗan marubuci”. Waƙa ce a kan wani ɗan baƙin ƙwaro mai kewaye a saman ruwa kamar yana rubutu. Mawaƙin ya yi ta tambayarsa me yake rubutawa, a ƙarshe ƙwaron ya ce sunan Allah yake rubutawa. Layin farko ya kira shi “krinklende winklende waterding”. A nan masu fassara suke faɗuwa: sukan rubuta “abu mai lanƙwasa a ruwa”, ma'ana ta fito, waƙa ta mutu, domin amon kalmomin ne yake yin motsin ƙwaron. Nemi wanda ya rera ta ka saurara sau uku ko huɗu, ka ƙirga bugun kowane layi da tafi, sannan ka fassara. Hausa tana da makamin da ya dace, wato amsa-kama: wutsil-wutsil, ko wulƙi-wulƙi, ko wani irinsu da kunnenka ya yarda da shi.

Kuskure na biyu shi ne dagewa sai amsa-amo ɗaya ya zarce har ƙarshe kamar ƙasida. Shi yana sauya nasa daga baiti zuwa baiti, in ka tilasta guda ɗaya za ka cika waƙar da kalmomin ciko. Na uku, kada ka goge addininsa. Inda ya ambaci gicciye ko Maryamu, bar su yadda suke, ka sa ɗan bayani a ƙasan shafi idan mai karatu zai buƙata.