Auto Union Type C a Assetto Corsa: fara da taya, bodi ya jira

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son gina Auto Union Type C, motar tseren Jamus ta 1936, ka saka ta a Assetto Corsa, wasan tseren mota na kwamfuta, ka iya manhajar zanen 3D ta Blender daidai gwargwado, kana tambayar ta ina za ka fara. Na taɓa yin wannan aikin a kan wannan motar, na kuma sha wuyarsa, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsata.

Ni da bodi na fara. Wata huɗu ina sassaƙa ƙusoshi da ramukan shan iska da bututun salansa 16 ɗaya bayan ɗaya, wani daren ma wuta ta ɗauke ban adana aikin ba. Da na gama sai na ari lissafin wata mota, wato alƙaluman da ke gaya wa wasan yadda mota ke tafiya, na manna mata. A hoto abin sha'awa, amma da na hau sai na ji ina tuƙa motar zamani da ta yi aron riga. Kada ka bi sawuna. Ka zana akwati mai taya huɗu bisa ma'auni, tazarar tayar gaba da ta baya kusan mita 2.9, ka fitar da shi a fayil ɗin FBX, ka bi da shi ta ksEditor, manhajar masu wasan, ya zama KN5, irin fayil ɗin da wasan ke karantawa, ka shiga tuƙi. Ka dai tabbatar awonka da mita ne, sunayen sassa kuma irin waɗanda wasan ya sani, WHEEL_LF, wato tayar gaba ta hagu, da 'yan'uwansa, in ba haka ba taya za ta riƙa juyawa a inda ba a aike ta ba.

Kafin lissafi, ka fahimci dalilin da ya sa motar ta fito haka. Dokar tseren 1934 zuwa 1937 ta ce mota kada ta wuce kilo 750 ba direba, ba mai, ba ruwa, ba taya. Ba ta taƙaita girman inji ba. Sai ofishin injiniya Ferdinand Porsche, wanda ya tsara motar, ya cusa inji mai silinda 16 a bayan direba, wanda a Type C ya kai lita 6, da na'urar cusa iska, ƙarfinsa wajen doki 520. Injin ba ya son ihu, a juyi 5,000 a minti ya gama magana, amma tun daga wajen 2,500 yana murɗa da ƙarfin da ya kai kusan Nm 850, Nm kuwa ma'aunin murɗawa ne. To a nan mutane ke faɗawa rami: fayil ɗin inji na power.lut, duk da sunansa mai nuna ƙarfin doki, ƙarfin murɗawa ake rubutawa a ciki, wanda ya isa taya bayan an cire asarar giya. Na ga wanda ya zuba ƙarfin doki a wurin, ya dawo yana mamakin me ya sa motarsa ba ta da kuzari a ƙasa. Na'urar cusa iskar kuwa inji ne ke juya ta kai tsaye, ba ta da jinkiri irin na turbo, don haka ni cikin jadawalin murɗawar na narkar da ita.

Yanzu taya, inda rabin aikin yake. Tayoyin lokacin sirara ne, dogaye, zarensu a gicciye yake. Riƙonsu bai kai na yanzu ba, amma ba sa sakin ƙasa farat ɗaya. Suna zamewa a hankali, suna ba ka labari ta sitiyari tun kafin su tafi, kuma mafi kyawun riƙonsu yana zuwa ne lokacin da motar ta riga ta ɗan karkace. Bayan kuskurena na farko sai na zarce gona da iri, na rage riƙo har motar ta koma kamar an shafa wa titi sabulu, ina ta yabon kaina wai na kamo wahalar da ake faɗa. Wani dattijo da ya daɗe yana tuƙa Grand Prix Legends, wasan 1998 ɗin nan, ya gwada ta ya ce mini mutane sun tuƙa wannan motar awa uku zuwa huɗu a jere, da haka take da ba wanda zai kai gida. Gaskiyarsa. Shawarata ka buɗe fayil ɗin taya, tyres.ini, na motar Maserati 250F da ke cikin wasan ka karanta shi a matsayin darasi. Shekara kusan 20 ke tsakaninsu, za ka rage riƙo ka gyara girma, amma halin tayar ɗaya ne.

Abu na biyu mai cin rai shi ne ƙafar baya. Kowane rabin aksil yana lilo ne daga gefen akwatin giya, tayar kuma a kafe take a jikinsa, saboda haka duk motsin sama ko ƙasa yana sauya yadda take zama a kan titi. Ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, baya ya ɗago, tayar waje ta tsaya a kan gefenta, sai ka ga inda ka fito. Wasan ba shi da wannan tsarin a cikin waɗanda ya zo da su. Dabarar ita ce ka ɗauki DWB, tsarin ƙafa mai hannu biyu sama da ƙasa, a fayil ɗin suspensions.ini, ka jera hannun sama da na ƙasa yadda layinsu zai haɗu daidai inda aksil ɗin gaske ke lilo. Za ka maimaita awo ya fi sau goma. Kada ka manta tankin mai yana tsakiya, tsakanin direba da inji, da gangan aka sa shi can don kada nauyi ya sauya gefe yayin da mai ke raguwa. Shi kuma direba yana zaune can gaba, don haka zamewar baya tana iso masa a makare. Ka ajiye idon direba a inda yake na gaskiya, ko da zai ba ka haushi. Ana yawan cewa Bernd Rosemeyer, direban Auto Union, ya iya da ita ne don daga tseren babur ya zo, bai saba da wata motar tsere ba balle ya ga aibin wannan.

Birki na ganga ne, yana laushi in ya yi zafi. Giya biyar. Waɗannan ba za su ɗauke ka mako ba.

Wajen hotuna ka yi hattara. Bayan yaƙin duniya na biyu an kwashe yawancin motocin daga garin Zwickau na Jamus zuwa Tarayyar Sobiyet, kuma da yawa daga waɗanda kake gani suna gudu a bidiyo yau sabon ƙira ne da Audi, magajiyar Auto Union, ta sa kamfanin Crosthwaite & Gardiner na Ingila ya yi. Suna da amfani ƙwarai, musamman wajen ƙarar inji da za ka haɗa a manhajar sauti ta FMOD, amma motocin asali suna sauya fasali daga tsere zuwa tsere. Zaɓi tsere ɗaya, misali na Tripoli a Libiya a 1936 wanda Achille Varzi ya ci da wannan motar, ka tsaya a kan hotunansa.

Wajen gwaji kuma, Rosemeyer ya zagaya titin tseren Nürburgring na Jamus a ƙasa da minti 10 kaɗan, amma titin lokacin kilomita 22.8 ne, mai gargada, na cikin wasan kuwa na yanzu ne, ya fi gajarta, kuma sumul yake. Kada ka matsa wa lissafinka sai ya ba da lokaci iri ɗaya. In akwatinka ya fara tafiya, turo mana shi nan mu gwada, ina da sitiyari da feda, zan faɗa maka abin da hannuna ya ji a kwanar Karussell ta titin nan.