Wane ƙwaro ne wannan mai jan gizo-gizo a gindin katanga?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram, gidanmu yana jikin duwatsu. Ranar Juma'a da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, yara suka kira ni in zo in ga wani ƙwaro a gindin katanga. Baƙi ne wuluk mai ƙyalli, tsawonsa ya kai gaɓa biyu na yatsa, fukafukansa jajaye kamar an sa masa lalle, ga dogayen ƙafafu. Yana sauri yana karkaɗa fukafukai, yana jan wani ƙaton gizo-gizo da baya da baya. Ya fi rina girma nesa ba kusa ba. Maƙwabcina ya nuna mini bidiyo a WhatsApp, ya ce ita ce rinar Asiya mai kisa. In fesa magani ne? Ina da yara ƙanana.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaran. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma ajiye maganin feshin nan. Da ka ce yana jan gizo-gizo da baya, ai ka gama faɗa mini sunansa. Launi da girma suna ruɗar mutum, domin ƙwari da yawa suna kama da juna, amma aikin da ka tarar ƙwaro yana yi ba ya ƙarya. Wannan yana cikin dangin da masana ke kira Pompilidae, maharban gizo-gizo, kuma an san kusan iri 5,000 nasu a duniya. Manyan da ke ƙasashenmu, baƙaƙe masu jan fiffike ko fiffike mai duhu da sheƙin shuɗi, da yawansu ƴan rukunin Hemipepsis ne.

Mace ka gani, don namiji ba ya farauta, ba shi ma da ƙari. Ƙarin da rina da zuma ke harbi da shi asalinsa bututun ajiye ƙwai ne, shi ya sa mata kaɗai ke da shi. Ita kanta ba ta cin gizo-gizo, ruwan fure take sha. Gizo-gizon guzurin ɗanta ne. Tana bin ƙasa tana leƙa ramuka da tsagar duwatsu, tana taɓa ko'ina da ƙahonnin nan biyu na kanta, har ta gano shi. Sai ta harbe shi ta ƙasan ƙirji, inda jijiyoyinsa suka haɗu. Ba ya mutuwa, jikinsa ne ke shanyewa. Daga nan ta ja shi zuwa rami, ta ɗora masa ƙwai ƙwaya ɗaya tak, ta toshe bakin ramin da ƙasa, ta yi tafiyarta, ba za ta ƙara waiwayowa ba. Ƴar tsutsar da za ta ƙyanƙyashe tana cinsa a hankali, tana barin sassan da ke riƙe da ransa sai daga ƙarshe. Dalilin haka a fili yake: da mushe ne, a zafin ƙasarmu, kwana biyu ya ruɓe. Mai rai kuwa nama ne da ba ya lalacewa.

Na taɓa tsugunawa fiye da rabin awa ina kallon wata a bakin wani lambu ta wajen Mirya. Ta ɗora gizo-gizon a kan tsiron ciyawa, nesa da tururuwa, ta je ta gyara ramin, tana watso ƙasa ta tsakanin ƙafafunta na baya, ta dawo ta duba kayanta, ta sake komawa. Sau huɗu ta yi haka kafin ta kama shi da baki ta gindin ƙafa ta fara ja. Ya fi ta nauyi, amma haka ta haye kunya da shi. Ina nan taku ɗaya daga gare ta, ko kallona ba ta yi ba. Ina so yaranka su ga irin wannan, su tsaya nesa kaɗan, hannu a baya.

Abin da ya sa ba ta damu da mutum ba shi ne ba ta da gidan da za ta kare. A nan ne babban rabon yake tsakanin ƙwarin nan. Rina tana zama da jama'a, tana da saƙar nan mai kama da takarda da ke rataye a ƙarƙashin rufin ɗaki ko a reshen itace, cike da ƴaƴa, kuma in ka matsa kusa za su taso maka gaba ɗaya. Maharbar gizo-gizo ita kaɗai take rayuwa. Haka zanzaro, mai siririn ƙugu, wanda ke ɗebo laka yana gina ƴan tukwanensa a kusurwar ɗaki: wani iri yana cika su da ƙananan gizo-gizo, wani da tsutsar ganye, kuma da wuya ka ji ya harbi wanda bai matse shi ba. Akwai kuma baƙin ƙwaro mai ƙiba mai ƙugi da ke huda itacen rumfa yana zubo gari a ƙasa. Shi ɗan'uwan zuma ne.

Batun maƙwabcinka kuwa, kama da wane ba wane ba ne. Ƙwaron da ke yawo a bidiyo, Vespa mandarinia, na dazuzzukan Japan da Koriya da Sin ne. Kansa faffaɗa ne, ruwan lemo, cikinsa zane-zane ne na baƙi da ɗorawa, sarauniyarsu tana kai santimita 5. Sunansa ya bazu ne tun da aka gan shi a Kanada da jihar Washington ta Amurka a 2019, kuma a Disamba 2024 hukumomin Amurka suka sanar cewa sun kawar da shi. Wanda ƴan'uwanmu mazauna Faransa ke ba da labari wani ne daban, Vespa velutina, da ya shiga can wajen 2004 yana addabar masu kiwon zuma. Duka biyun a taro suke zama, kuma ba sa jan gizo-gizo a ƙasa suna binnewa. Naka ɗan gida ne, damina ce ta fito da shi, lokacin da ƙasa ta yi laushin tono, fure ya samu, gizo-gizo ya yawaita.

Ba zan ɓoye maka ba, harbin maharbar gizo-gizo da zafi. Wani masanin ƙwari Ba'amurke, Justin Schmidt, ya jera harbin ƙwari daga mataki na 1 zuwa na 4, kuma ƴan'uwanta na Amurka, Pepsis, suna mataki na 4. Sai dai tsananin zafin ba ya wuce kamar minti 5, kuma dafin ba irin na kunama ba ne mai bin jikin yaro. Masu shan harbin su ne wanda ya kama ta da hannu, wanda ya taka ta ba takalmi, da yaron da ya sa mata tsinke. Ka gaya wa yaran haka ƙarara, ka sa su riƙa sa takalmi a gindin katangar, ka kuma sa a riƙa kakkaɓe shanya kafin a kwashe.

In tsautsayi ya gifta, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a cire zobe ko warwaro tun kafin kumburi. Ba ta barin ƙari a fata kamar zuma, saboda haka kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a shafa kananzir. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne wannan, kuma ya shafi harbin rina da zuma ma: in leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, jiri ya kama mutum, ko ƙuraje suka feso a jiki duka, wannan jikinsa ne bai karɓi dafin ba. A hau babur nan take zuwa asibiti mafi kusa, a faɗa musu harbin ƙwaro ne, domin allurar adirenalin ce maganinsa kuma ba ya jira. Haka in harbin a cikin baki ne.

Feshi ba zai amfane ka da komai ba. Babu gidan da za ka kashe, ita kuma ƙila ta riga ta tafi. Abin da zai rage shi ne guba a inda yara ke wasa da inda kaji ke tono. In ta shigo ɗaki, a buɗe taga, haske take nema.

Idan ta dawo kana son a tantance ainihin irinta, ka bari sai ta duƙufa kan aikinta, ka ajiye kwandalar dala ashirin kusa da hanyarta don a gane girmanta, ka ɗauki hoto ɗaya ta sama inda fukafukai suka fito sosai, ɗaya kuma ta gefe. Jijiyoyin fiffiken nan su muke dubawa wajen raba iri da iri. Ka haɗo da hoton gizo-gizon ma in ka samu.