Game da sake wa Baba hoton kai bayan faɗuwar da ya yi

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce yana shan warfarin, maganin tsinka jini, saboda bugun zuciya marar tsari, ya zame a wurin alwala ya bugi ƙeya, hoton CT bai nuna jini ba, likita ya sallame ku, kana tambaya ko ka biya a sake hoton gobe. Na daɗe ina aikin jinya a sashen gaggawa.

Hoton farko shi ne wanda ba a wasa da shi ga dattijon da ke shan maganin tsinka jini, ko da ya miƙe yana raha, kuma kun yi shi. Na biyun ne likitoci suka saɓa a kansa. A 2012 an buga wani bincike daga Italiya inda aka sake wa masu shan warfarin 87 hoto bayan awa 24, aka sami jini a cikin kan mutum biyar, haɗarin kuma ya fi yawa ga waɗanda awon INR ɗinsu, wato gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, ya haura 3. A shekarar kuma, wani bincike a Kalifoniya ya sami jinin da ya bayyana daga baya a mutum huɗu kacal cikin masu shan warfarin 687. A 2023 ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka ta ba da shawarar kada a riƙa maimaita hoton ga wanda ya dawo hayyacinsa sarai, hoton farko kuma ya fita lafiya.

Saboda haka, a ganina, ka fara tambayar likitan nawa INR ɗin Baba yake. Idan yana tsakanin 2 da 3, kuma akwai mai kwana kusa da shi, sa ido ya fi hoton amfani. Kada ku tsayar da warfarin da kanku, kada kuma a sayo masa diclofenac a kemis. Amai, ciwon kai mai tsananta, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko nauyin harshe, duk dalilin komawa asibiti ne a daren nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba gobe ba ne. Na tuna wani dattijo da aka dawo mana da shi mako uku bayan an sallame shi. Carbi ya fara kuɓuce masa daga hannun dama, yana jan ƙafa, iyalinsa suna cewa tsufa ne. Jini ne ya yi ta taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai. An huda ƙaramar kafa a ƙoƙon kan aka zuƙe shi, ya koma gida da ƙafarsa. Ku lura da tafiyar Baba da maganarsa har tsawon wata biyu.